Sagara ce ko zakara?

Gadarif babban gari ne a gabashin ƙasar Sudan. Tsakaninsa da Hartum akwai tafiyar kusan kilomita 400. Iyakar Habasha ma ba ta da nisa da shi. Ƙasar wurin baƙar laka ce mai albarka. Ana noma dawa da riɗi da yawa, ana kuma ɗebo ƙaro a daji. Tun shekarun 1940 aka fara noma da tarakta a yankin. Ruwan sama yakan sauka a watan Yuni, ya ɗauke a watan Oktoba.

Yara, kada ku yi mamaki in na ce muku akwai Hausawa da yawa a Gadarif. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da bisa jakuna, za su aikin hajji. Tafiyar takan ci shekaru. Sukan tsaya a hanya su yi noma, su sami guzuri, sa'an nan su ƙara gaba. Da yawa daga cikinsu sun zauna a Sudan. Wasu kuma sun zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa gari a bakin kogi kusa da Sinnar. Sunansa garin yake amsawa.

Kakan mahaifina daga wajen Maraɗi ya fito. Ni kuwa a Gadarif aka haife ni. A makaranta da kasuwa Larabci muke yi. A gida Hausa muke yi, kamar ku. Yau labarin kaji zan ba ku, da yadda suka riƙe ni a makaranta.

Kyautar Kaka

A unguwarmu kusan kowane gida da kaji. Mafi yawansu kajin gida ne, waɗanda ake kira baladi da Larabcin Sudan. Akwai kuma waɗanda wuyansu ba shi da gashi. Kaji dukiyar mata ce da yara. Maigida yana da gona, amma kuɗin gona sau ɗaya suke shigowa a shekara. Kaza kuwa ko yaushe ana iya sayar da ita, a sayi sabulu ko gishiri ko magani.

Ina da shekara 9 ruwa ya ɗauke da wuri. Riɗin Baba bai yi kyau ba, dawar ma kaɗan aka samu. Wata rana da dare Baba ya tara mu. Ya ce abincin shekara ma da ƙyar zai kai mu. Ya ce in an koma makaranta a farkon damana, wana kaɗai zai iya saya wa littattafai da tufafi. Ni sai in dakata shekara ɗaya. Ban ce komai ba, amma na san ƴanmatan da suka dakata shekara ɗaya a unguwarmu. Babu wadda ta koma.

Da safe kakata ta kira ni. Ita ce mahaifiyar Baba. Kishiya take ce mini, don wasan da ke tsakanin kaka da jika.

Ta ce, "Kishiya, share hawayenki. Kin ga waccan jar kaza? Ta fara kwanci. Na ba ki ita da ƙwanta duka. In kin iya kiwo, littattafanki suna ƙarƙashin fiffikenta."

Na ce, "Na gode, Kaka. Amma yaya zan yi?"

Ta ce, "Abu biyu za ki koya. Na farko, ki san mace, ki san namiji. Na biyu, ki yi musu ɗaki."

Ƙwai 13 ne a ƙarƙashin kazar. Ta kwanta a kansu kwana 21, ba ta tashi sai don ta ci, ta sha. Aka ƙyanƙyashe ƴan tsaki 11. A makon farko shirwa ta kawo sura, ta ɗauke ɗaya a tsakar gida. Daga ranar Kaka ta ba ni babban kwando. Da rana sai in kife uwar da ƴaƴanta a inuwa, in zuba musu tsaki da ruwa. Na kuma riƙa samo musu gara, domin tana sa su girma da sauri. Saura 10 suka rayu.

Don me ake rarrabewa?

Na tambayi Kaka dalilin da ya sa sai na san mace da namiji. Ta ce in zauna in yi lissafi.

Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15, sa'an nan ta kwanta. Takan yi haka sau 3 ko 4 a shekara. Ashe ke nan mace ita ce jari. Zakara ba ya ƙwai. Zakara ɗaya ya ishi kaji kamar 10. In zakaru suka yi yawa a gida, sai faɗa da cin hatsi a banza, su kuma hana matan sakewa. Don haka mazan ake sayarwa ko a yanka wa baƙo, a bar matan su yi ta haihuwa. Wanda ya sayar da sagara, wato budurwar kaza, ya sayar da ƙwan shekara mai zuwa.

Ga wani abu da yara da yawa ba su sani ba. Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara a gida. Ana cin ƙwan, amma ba ya ƙyanƙyashewa. Sai da zakara ake samun ɗan tsako.

Wata maƙwabciyarmu ta ce mini tun daga ƙwai ake ganewa. Wai dogon ƙwai namiji ne, kewayayye mace. Na kai wa Kaka wannan magana. Ta yi dariya, ta ce, "Na gwada tun kafin a haifi ubanki. Na zaɓi kewayayyu zalla na sa wa kaza, sai ga zakaru a ciki. Ƙwai ba ya faɗin abin da ke cikinsa. Ki yi haƙuri, ɗan tsako da kansa zai gaya miki."

Alamomi huɗu

Ranar da aka ƙyanƙyashe su, duk kamarsu ɗaya. A manyan gidajen gona akwai gwanaye da suke rarrabe ƴan tsaki tun ranar farko, amma aiki ne da ake daɗewa ana koyo. Mu a gida ido muke sawa, muna ƙirga makonni.

Alama ta farko ita ce zanko, wato jan naman da ke bisa kai. Wasu suna ce masa tsoro. Daga mako na 4 zuwa na 6 zankon namiji yakan fara tsayi, ya yi ja. Naman da ke rataye a ƙarƙashin bakinsa ma yakan fito da wuri. Na mace ƙarami ne, kuma fari-fari. Ba ya yin ja sosai sai ta kusa fara ƙwai.

Alama ta biyu ita ce ƙafa. Ƙafar namiji ta fi kauri, ta fi tsawo. Yana tafiya kai a sama, ƙirji a gaba. In aka yi wata ƙara, mazan sukan miƙe wuya su duba, matan kuwa sau da yawa sai su lafe.

Alama ta uku ita ce gashi, kuma ita Kaka ta fi yarda da ita. In sun kai wata 3, a kama ɗaya a hankali, a buɗe gashin wuyansa da na gadon baya kusa da wutsiya. Na namiji siriri ne, dogo, mai tsini, yana ƙyalli. Na mace gajere ne, bakinsa kewayayye kamar farce. Gashin wutsiyar namiji kuma yakan yi tsawo, ya tanƙware kamar lauje. Na mace a miƙe yake.

Alama ta huɗu ita ce murya. Wajen wata 4 ko 5 ɗan zakara yakan fara koyon cara. Carar farko ba ta da daɗi, kamar an shaƙe shi. Sagara kuwa sai ta kai wata 6 ko 7 take yin ƙwan fari, ta fito tana kyarkyara don kowa ya sani.

Kaka ta ce kada in dogara da alama ɗaya. In biyu ko uku suka haɗu, to, magana ta tabbata. Na samo zare, duk wanda na ga namiji ne sai in ɗaura masa sako-sako a ƙafa. Kowace Juma'a ina sake dubawa. Da suka cika wata 3, na kai wa Kaka lissafina: maza 4, mata 6. Ta kama su ɗaya bayan ɗaya, ta duba, ta saki. Ba ta kwance zare ko ɗaya ba, ba ta kuma ƙara ba.

Ɗakin kaji

Kafin wannan lokaci, kajin gidanmu a kan bishiya suke kwana, wasu a madafa. Muzuru yana ɗauka, tunku yana ɗauka, ɓera yana shan ƙwai. Hausawa sun ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Kaka takan ce gaskiya ne, amma Allah bai hana a rufe ƙofa ba.

Ƙasar Gadarif tana da hali biyu. Da rani takan tsage, har hannun mutum ya shiga cikin tsagar. Nan macizai da kunamu suke ɓoyewa. Da damana kuma takan zama taɓo mai danƙo, ruwa ya kwanta a kai. Ɗan tsakon da ya kwana cikin laima ba ya daɗewa. Don haka da Kawu ya zo gina mini akurki, daga ƙasa ya fara.

Ya zaɓi wuri mai tudu a inuwar bishiya, nesa da ɗakunan kwana da madafa. Ni da wana muka kwaso duwatsu da tsakuwa. Aka cika wurin har ya ɗaga da taƙi ɗaya, aka daɓe shi sosai. Tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1 da rabi. Kawu ya ce wannan ya ishi kaji 12 kwana, tun da rana a waje suke kiwo.

Ya kafa itatuwa, ya kewaye da kara, muka yaɓe da laka har ya yi sumul. Ya ce kada a bar tsaga ko ɗaya a bango, domin a nan kaska da ƙuma suke ɓuya da rana, su fito da dare su sha jinin kaji. Ya yi jinka da ciyawa, irin ta ɗakunanmu masu tsinin kai, ya bar bakinta ya zarce bango don ruwa ya zuba nesa. Ciyawa ta fi kwano sanyi, kuma zafin Gadarif a watan Afrilu ba wasa ba ne. A sama ya bar taga biyu suna duban juna, ya rufe su da ragar waya. Iska tana shiga, maciji ba ya shiga. Ƙofar kuma ya yi ta yadda zan iya sunkuyawa in shiga da tsintsiya.

Kaza ba ta son kwana a ƙasa. Kawu ya gitta sanduna biyu, kamar santimita 50 daga ƙasa. Kowace kaza tana bukatar wurin santimita 20 a kan sanda. A kusurwa mai duhu Kaka ta ajiye tsofaffin tukwane biyu da suka fashe, ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ciki. Nan ne wurin ƙwai. Tukunya ɗaya ta ishi kaji 4. A waje kuma na tara toka da yashi, inda suke birgima su kakkaɓe ƙwari.

Aikina na kullum bai da yawa, amma ba a fashi. Da asuba in buɗe ƙofa, in ƙirga su. In wanke kasko, in zuba ruwa mai tsabta. Da rani ruwa yana wuya a Gadarif, a wurin masu amalanken jaki muke saye, duk da haka ban taɓa barin kaskon ya bushe ba. In akwai ƙananan ƴan tsaki sai in sa tsakuwa a ciki don kada su nutse. Da yamma in watsa musu dusa da tsaki a bakin akurki. Da haka suka saba dawowa da kansu. Da magariba in sake ƙirga su, in rufe. Sau biyu a mako ina sharewa, in barbaɗa toka. Kashin kuwa Inna take kaiwa fadamar bayan gida, wurin kuɓewarta. In na gama, sai in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa abinci.

Ranar ciniki

Ana saura mako biyu a koma makaranta, wani mai sayen kaji ya zo unguwarmu. Gida-gida yake bi, da keji a bayan kekensa. Kaka ta ce, "Kishiya, kajinki ne. Je ki yi cinikinki." Ta zauna a kan tabarma tana jan carbi, kamar ba ta ji.

Na fito da maza 3, na bar ɗaya, wanda ya fi su girma da kuzari. Mutumin ya ɗaga su, ya ji nauyinsu, muka yi ciniki. Sai idonsa ya faɗa kan wata babbar sagara, baƙa mai ɗigon fari. Ita ta fi sauran girma, zankonta ma ya ɗan fara ja.

Ya ce, "Yarinya, wannan ma ai namiji ne. Dubi kansa. Hatsinki kawai zai ci. Kawo in haɗa da shi, in ƙara miki kuɗi."

Gabana ya faɗi, domin kuɗin da ya ambata suna da yawa a idona. Kuma babba ne, sa'an Baba. Na durƙusa, na kama sagarar, na buɗe gashin wuyanta.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka duba nan. Bakin gashin kewayayye ne. Ga na gadon bayanta ma. Ga wutsiyarta a miƙe. Mace ce, ba ta sayarwa ba ce."

Ya dube ni, ya dubi Kaka, sai ya yi dariya. Ya ce, "Hajiya, ke kika koya mata?" Kaka ta ce, "Ni carbi nake ja."

Kuɗin zakaru ukun nan suka saya mini littattafan rubutu da alƙaluma da yadin tufafin makaranta. Inna ta ɗinka mini. Ranar da aka buɗe makaranta, tare muka fita da wana. Baƙar sagarar kuwa ita ta fara ƙwai a cikinsu, ta kuma ƙyanƙyashe mini ƴan tsaki 9 a kwancinta na farko.

Shekarar ciwo

A shekara ta biyu ciwo ya shigo unguwarmu. An ce daga wata kaza da aka sayo a kasuwa ya fara. Kaza sai ta saki fiffike, ta yi ta gyangyaɗi, kashinta ya zama kore, numfashi ya yi mata wuya, wata har wuyanta ya murɗe. Likitocin dabbobi suna kiransa ciwon Niyukasil. Sunan wani gari ne a Ingila. Cikin ƴan kwanaki wasu gidaje suka wayi gari ba kaza ko ɗaya.

Nan akurkina ya yi rana. Kaka ta ce in rufe kajina, kada su fita kiwo, kada kuma wata kaza ta shigo mana. Biyu suka nuna alama, muka ware su nesa. Da suka mutu, Kawu ya haƙa rami mai zurfi ya binne su. Sauran suka tsira.

Wannan ciwo ba shi da magani in ya kama kaza, amma yana da rigakafi. Akwai wanda ake ɗigawa a ido, ɗigo ɗaya ga kowace kaza, a maimaita bayan wata 4. Ku tambayi likitan dabbobi na garinku. In kun sayo sabuwar kaza, ku ware ta mako 2 kafin ku haɗa ta da naku. In kun ga kaji suna mutuwa da yawa, kada ku taɓa su, kada a ci namansu, ku gaya wa manya. Wani ciwon, kamar murar tsuntsaye da ta ɓulla a Nijeriya da Nijar da Sudan a 2006, yana iya kama mutum.

Abin da ya rage

Kaka ta rasu ina aji na ƙarshe a makarantar sakandare, Allah ya jiƙanta. An sake jinkar akurkin nan sau da yawa, an kuma ƙara masa girma.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum. Jama'a masu yawa suka gudo Gadarif. Ƴan'uwanmu ma suka zo, ba su ɗauko komai ba sai tufafin jikinsu. Gidanmu ya cika, abinci ya yi tsada. A watannin nan kowane ƙaramin yaro a gidan yana samun dafaffen ƙwai, in ba yau ba gobe. Zakaru muka riƙa sayarwa muna sayen magani da sukari. Matan ba mu taɓa su ba.

Ƴaƴan ƴan'uwana a birni suka tashi, ba su taɓa riƙe kaza ba. Ɗiyata ce ta koya musu buɗe gashin wuya da ƙirga makonni. Da wasunsu za su tashi, Inna ta ba kowane gida sagara biyu da ɗan zakara ɗaya a cikin kwando, su je su fara.

Ku ma, in akwai ƴan tsaki a gidanku, ku roƙi izinin iyayenku ku riƙa lura da su. Ku rubuta ranar da aka ƙyanƙyashe su a littafinku. Kowane mako ku duba zanko da ƙafa da gashi, ku rubuta abin da kuka gani. In sun kai wata 5, cara za ta nuna muku ko lissafinku daidai ne.

Kalmomi da Faransanci

kaza: la poule
zakara: le coq
sagara: la poulette
ɗan tsako: le poussin
zanko: la crête
akurki: le poulailler
rigakafi: la vaccination

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Gadarif take? Me ake nomawa a can?
2. Me ya kai Hausawa ƙasar Sudan?
3. Kwana nawa kaza take yi tana kwanci?
4. Faɗi alamomi huɗu da ake gane ɗan zakara da su.
5. Don me Kawu ya ɗaga ƙasan akurki da duwatsu?
6. Kowace kaza tana bukatar santimita 20 a kan sanda. Santimita nawa kaji 12 suke bukata?
7. Me ya sa yarinyar ta ƙi sayar da baƙar sagara?
8. Zana hoton akurkin gidanku, ko wanda kake so ka gina.